Shekarar Da Jan-Baki Ya Cinye Muryar Maigidana

Bana tsuntsun jan-baki ya dawo fadamarmu. Tun da shinkafa ta fara fitar da kai, jikokina ba su bar gwangwani ko ɗaya a gidan nan ba. Na madara, na tumatir, har wanda nake awon gero da shi sun yi gaba da shi, suna hudawa suna zuba tsakuwa suna ɗaurewa a igiya don korar tsuntsaye. Na ƙyale su, don na san abin da tsuntsun nan yake yi wa gona. Amma ranar da ƙaramarsu, Na'omi, ta shiga ɗakin kakanta ta miƙa hannu za ta ɗauki wanda ke gefen gadonsa, sai da na daka mata tsawar da ni kaina ta ba ni tsoro.

"Ajiye shi. Wannan ba na tsuntsaye ba ne."

Maigidana yana kwance tun bara waccan. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da ƙafa, ta haɗa da harshe. Yana ji, yana gane kowa, magana ce dai babu. Da gwangwanin nan yake kirana idan yana son ruwa ko yana son a juya shi, kuma yaran sun ɗauka iyakar aikinsa ke nan. Ba su san cewa wannan ba shi ne karo na farko da muryar kakansu ta tafi ba.

Ina amarya aka yi na farkon. Daga wajen Kaugama aka kawo ni wannan ƙauye namu da ke gangaren Haɗeja, ta hanyar Kirikasamma. Mu masu bin Almasihu 'yan gidaje ne a gefen gari, majami'armu ta ƙasa ce da rufin kaba, sauran mutanen gari duk Musulmi. Rijiya ɗaya muke sha, kogi ɗaya muke kamun kifi, tarbiyya ma ɗaya ce. Abin da aka koya wa 'ya'yansu mata shi uwata ta koya mini: mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta zuba masa ido. Ruwan baftisma ya wanke mana zunubi, amma kunya ko jiƙa ta bai yi ba. Ni kuwa tawa har ta fi ta kowa. Idan na ji tarinsa a zaure, tuwon da ke bakina ma ba ya haɗiyuwa.

Shi kuma ba ruwansa. Ɗan mai bishara ne, ya ɗan taɓa makaranta, sunana yake kira gatsal a gaban kowa: Rifkatu kaza, Rifkatu kaza, ni kuma kamar in nutse. Mutum ne mai son addu'a. Da an kira sallar asuba a masallacin gari zai miƙe ya ce, "Maƙwabta sun tashi, mu ma mu tashi." Ya shimfiɗa tabarmar kaba a tsakar ɗaki, ya karanta aya, ya yi addu'a doguwa har gwiwata ta yi tsami. Ni ina durƙushe can bayansa kusa da ƙofa. Aikina ɗaya ne, in ce amin, shi ma a ciki-ciki.

Lokaci-lokaci yakan juyo ya ce, "Rifkatu, yau ke za ki yi mana."

Sai in ce, "Na bar kunu a wuta." Ko ban hura wutar ba.

Wata rana ya ce da ni, "Gida ƙafa biyu gare shi. Addu'ar mutum ɗaya ɗingishi ce." Na ji maganar, ta kuma shige ni. Ba wai ba na addu'a ba ne, ina yi, a zuciya, wajen daka da wajen ɗiban ruwa. Amma in buɗe baki in yi wa Allah magana namiji yana saurare, kuma namijin nan mijina, wannan a wurina daidai yake da in yi wanka a bakin kasuwa.

Daminar shekarar ta faɗi da wuri, ta kuma yi kyau har mutane suka fara lissafin bukukuwan kaka. Maigidana ya shuka gero a wata gona tamu da ke kwari. Ni na ga alamar ruwa a jikin itatuwan goruba na wurin, layin laka ya kai ƙugun mutum, na san ruwa yana zuwa nan. Na so in faɗa, na kasa, sai na ce wa tukunya, "Wasu dai sun ce kwarin nan yana cika." Ya yi dariya ya ce wasu ba su san noma ba. Gero ya tashi ya yi baƙi ƙirin don kyau, ya fara bununi.

Sai kogi ya kawo. Ba ma ruwan samanmu ba ne, daga yamma ya gangaro. Maza duka, da mu da Musulmi, suka fita yin jinga, suna cika buhuna da ƙasa suna tare bakin gari, mata muna kai musu ruwan sha da ɗan abin da ya samu. Gari ya tsira, gonaki ba su tsira ba. Wata safiya muka tsaya a kan tudu muna kallo, inda geronmu yake jiya sai kawunansa kaɗai ke leƙowa, kafin azahar su ma sun nutse. Na saci kallon maigidana. Na san ya tuna maganar tukunya.

Abu ɗaya ya rage mana, gonar shinkafa a cikin fadama, don ita shinkafar gargajiya tare take tashi da ruwa. Ita ce abincinmu, ita ce irin baɗi. Kafin ta nuna kuwa sai da muka san yunwa. Ɗan geron bara da ke gindin rumbu ya sha danshi ya yi funfuna, haka muke wanke shi mu shanya mu yi kunu mai wari. Muka ci tafasa har ta gundure mu. Muka shiga ruwa tsinkar bado, mu shanya 'ya'yan mu daka mu tuƙa wani abu da muke kira tuwo don dai a samu sunan kira. Kifi akwai, ƙananan karfasa da tarwaɗa, amma kifi ba gishiri ba mai ba tuwo, kwana uku ya ishe ka. Ko'ina warin karan da ya ruɓe a ruwa. Tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage. Sauro kuwa tun la'asar yake fara cin kasuwarsa. Rana in ta fito bayan ruwa sai ƙasa ta riƙa turiri, mutum yana zaune gumi yana bin bayansa.

A cikin wannan hali na gane ina da ciki. Cikin fari. Wa zan gaya wa? Uwata tana nesa, hanya ta yanke, shi kuwa ko da wuƙa a wuyana ba zan iya ba. Warin kifi ya riƙa juya mini zuciya, in zagaya bayan ɗaki in yi amai in rufe da ƙasa in dawo kamar ba ni ba.

Da shinkafa ta yi nono, wato ƙwayar ta cika da farin ruwa ba ta yi tauri ba, sai jan-baki ya sauka. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, bai kai tafin hannu ba, amma idan suka taso daga ciyayin bakin ruwa da sassafe sai ka ce hayaƙin gobara ne. Lokacin ciyawar kachalla ba ta cinye kogin kamar yanzu ba, duk da haka sun sami wurin kwana. Tun da ruwa ya cinye gero da dawa, su ma shinkafar ce ta rage musu. In suka sauka a gona na ɗan lokacin da za ka sha fura, to ka yi sallama da wannan gefen.

Kowa ya koma fadama. Ana kafa itace huɗu a cikin ruwa a ɗora rumfar kara a sama, mutum ya hau ya zauna, ga majajjawa ga curin laka, ga igiyoyi da gwangwanaye sun bazu cikin gona. Mu muka kafa biyu, tasa a gabas, tawa a yamma, tsakaninmu nisan da in ya tsaya ba na gane fuskarsa. Akwai wata doguwar igiya da ya ja daga rumfarsa har ya ɗaure ta a jikin itacen tawa, da gwangwanaye a rataye dab da kaina. Tun kafin rana ta fito muna sama, sai ta faɗi muke sauka. Aikin kuwa ihu ne. Ka ja igiya, ka yi jifa, ka buɗe maƙogwaro: "Haa! Haa! Kai!" Fadama duka ta ɗauka, daga wannan gona zuwa waccan. Abin mamaki, ni da ba a jin muryata a cikin gida, a nan na fi kowa amo.

Shi ya ɗauki abin da zafi, ina jin saboda geron da ya nutse. Yana ihu kamar zai tsaga ƙirjinsa. Murya ta fara dishewa bai daina ba, mura ta kama shi saboda shiga ruwan asuba bai daina ba. Wata safiya ya buɗe baki zai gaishe ni, sai iska kawai ta fito. Maƙwabciyarmu Iya Gana, wata dattijuwa mai bandar kifi da ta ɗauke ni kamar 'yarta tun zuwana, ta kawo citta da kanumfari, aka samo ɗan zuma a gidan liman aka haɗa. Ya sha har ya gaji, murya ta ce ba ta san zancen ba.

Washegari da aka kira salla ya tashi kamar kullum ya shimfiɗa tabarma. Ya buɗe littafi, ya ɗora yatsa a kan aya, ya juyo ya dube ni. Ya nuna bakinsa ya girgiza kai, sannan ya nuna nawa.

Na sunkuyar da kai. Ya jira. Ina jin maƙwabta suna salla har suka sallame, muna durƙushe shiru. Kalmomin suna nan a ƙirjina, na san abin da zan ce, amma harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Da gari ya fara haske ya rufe littafi ya naɗe tabarma, muka tafi gona.

Haka muka yi washegari, haka muka yi wanshekare. Kullum ya nuna bakina, kullum in kalli ƙasa. Har wata asuba aka kira salla ya tashi zaune, ya dubi tabarmar a jingine da bango, ya ɗauki majajjawarsa ya fita. Bai shimfiɗa ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin haka ba. Daga nan ya daina neman idona. In na ajiye masa abinci ya ci yana kallon katanga. Na san abin da yake tunani: ko dai ina riƙe da shi a zuci saboda geron, ko kuwa matar da ya aura ba ta da ko kalma ɗaya da za ta kai wa Allah dominsa. Gida ya yi shiru irin na gidan makoki, ga yunwa, ga tabarma a naɗe, kuma ni ce sanadi. Abin ya fi yunwar ci mini rai.

A kan rumfa abin ya fashe. Wata hantsi tsuntsaye suka taso, na yi ihu na kore su, bakina yana buɗe, sai kawai na ji ya ci gaba da kansa: "Haa! Ya Ubangiji, kana dai ganin halin da muke ciki. Haa!" Da yake maƙogwaron ya riga ya saba da amo, da amon maganar ta fito. Na waiga. Ba kowa sai ruwa da shinkafa, kowa yana can nesa a kan rumfarsa yana nasa ihun, gwangwanaye suna ta kaɗawa. Na ce a raina, a cikin wannan hayaniya wa zai ji?

Shi ke nan na samu wuri. Kullum da hantsi, in tsuntsaye suka ɗan lafa, sai in buɗe wa Allah cikina, da ƙarfi, yadda ban taɓa yi ba. Na roƙa mana shinkafa, na roƙa wa maƙwabta. Na roƙi a mayar wa maigidana da muryarsa, kuma da sunansa na roƙa, sunan da ban taɓa furtawa ba ko a mafarki. Da na ga ba abin da ya faɗo mini daga sama sai na ƙara sakin jiki. Na kai ƙararsa. Na ce, "Ya Ubangiji, kai ma ka san taurin kansa, na faɗa masa kwarin nan yana cika." Na ce ya rage masa minshari don ba na samun barci. Na ce duk da haka ban taɓa ganin mutum mai kirkinsa ba, kuma in aka ce in sake zaɓa shi zan zaɓa. Na ce ina jin kunyarsa ne, ba ƙinsa nake yi ba. Na faɗi zancen cikin, na ce ina tsoro, ban san me zan ba yaro ya ci ba in tsuntsaye suka gama da mu.

Abu ɗaya ya riƙa ba ni haushi. Duk sanda na kai ƙarshen magana na tsaya jan numfashi, sai gwangwanayen da ke saman kaina su kaɗa, kacau-kacau. Na ɗauka ya hango tsuntsaye a gefena ne yana tuna mini aikina. In duba, ba tsuntsu ko ɗaya. Har wannan ma sai da na kai wa Allah: "Ka gan shi ko? Ko addu'ar ma ba zai bar ni in yi cikin natsuwa ba." Gwangwani ya kaɗa har sau biyu.

Ni da ba ni da wayo, ban lura da yadda abubuwa suka sauya ba. Ya fara karɓe tulun ruwa daga kaina. Kifi in ya kamo sai ya gyara shi can bakin kogi, ya kai wa Iya Gana ta banda, bai ƙara shigo da ɗanye gida ba. Na kama shi yana kallona yana murmushi. Mata a bakin rijiya suka riƙa yi mini sannu da jiki, in ce lafiyata ƙalau, su dubi juna.

Iya Gana ce ta fasa ƙwan. Ta biyo ta gefen rumfata da rana tsaka, ruwa har cinya, da ƙwaryar bado a ka. Ta miƙo mini ƙullin tsamiya.

"Amarya, riƙa tsotsar wannan. Yana kwantar da tashin zuciya, ni da shi na yi goyon cikina duka."

Na ce, "Iya, wa ya ce miki ina da wani abu?"

Ta sauke ƙwaryar ta dube ni da tausayi. "Ke kika faɗa, 'yar nan. Ke 'yar tudu ce, ba ki san ruwa yana ɗaukar murya ba? Masunci yana wancan ƙetaren yakan yi hira da na wannan ƙetaren ba tare da ya ɗaga murya ba, balle ke da Allah ya ba ki maƙogwaro. Tun daga nan har mashaya ba wanda ba ya jin ki."

Na ja mayafi na rufe baki. Na ce, "Duka?"

"Duka. Kada ki damu, ba wanda ya yi miki dariyar mugunta. Abin da kike roƙo mu ma shi muke roƙo, har Malam Sale mai gonar can yakan ce amin in kin zo kan shinkafa. Zancen minshari ne dai muka bar muku."

Da ƙyar na iya tambaya. "Shi fa?"

"Ikon Allah. To wa kike tsammani yake jan igiyar nan duk sanda kika kai aya? Bawan Allah ba shi da bakin cewa amin, ya samu gwangwani."

Na so ƙasa ta tsage in shige, to ƙasar ma ruwa ne. Sunansa da na yi ta kira, cikin da na ɓoye, zancen in aka ce in sake zaɓa, duk a kunnen gari, duk a kunnensa. Ban san lokacin da na diro daga rumfa ba. Na keta ruwa na nufi gida, mayafi a fuska, Iya Gana tana kirana ban waiga ba. Na shiga ɗaki na tura ƙyaure na kwanta ina kuka, ina shirya yadda zan bi jirgin masunta in koma gidan ubana in ba a sake ganina a garin nan ba.

Tsuntsaye kuwa ba su san kunya ba. Da la'asar suka dawo, suka tarar da gefen yamma ba mai tsaro, suka sauka. Daga baya aka ba ni labari yadda ya riƙa gudu cikin ruwa daga wannan rumfa zuwa waccan, yana buɗe baki ba abin da ke fita, yana jifa da hannu biyu, har Malam Sale da Iya Gana suka bar nasu suka zo taya shi. Kafin a kore su sun tsotse wani babban yanki, ya koma farar ƙaiƙayi. Abincin watanni ne na bar wa jan-baki a yini ɗaya saboda an ji ina addu'a.

Rana ta kusa faɗuwa ya shigo. Na leƙa ta ƙasan mayafi: laka har ƙugu, jini yana bin ƙaurinsa inda matsattsaku suka kama shi. Na jira duka ko harara, ko ya nuna mini ƙofa. Sai na ga ya ɗauko tabarmar nan daga jikin bango ya shimfiɗa. A hannunsa akwai gwangwani ɗaya da ya yanko daga igiya. Ya durƙusa, ya juya mini baya, ya fuskanci bango, ya ajiye gwangwanin a gefensa. Bai waigo ba.

Na daɗe ina kallon bayan nan nasa, rigar ta yage a kafaɗa, ƙasusuwan sun fito saboda yunwa. Na rarrafo na durƙusa a bayansa. Da wata 'yar murya kamar ta sauro na ce, "Ya Ubangiji, ka gafarta mini shinkafar da na bar wa tsuntsaye."

Gwangwani ya ce kacau.

Iyakar abin da na iya ke nan a ranar. Amma washegari ya sake juya baya, na ƙara kalma biyu, jibi na ƙara uku. Sunansa dai ban sake kira ba, "bawanka" nake cewa. Na koma rumfata da mayafi har hanci, ba wanda ya ce da ni komai sai sannu. Haka muka yi har shinkafa ta yi tauri tsuntsaye suka rage, muka yanke abin da ya saura. Bai kai mu ko'ina ba, sai da ya yi ƙwadagon noman rani muka ga damina. Yaron da ke cikin ya zo lafiya, shi ne uban Na'omi. Waɗannan safiyoyi, da yunwarsu da komai, ban taɓa jin kusanci da mutumin nan kamar a cikinsu ba.

Da a nan labarin ya ƙare da na ba jikokina shi ina dariya. To bayan girbi muryarsa ta dawo, ni kuma ranar da ta dawo na mayar masa da aikinsa. Na koma bakin ƙofa, na koma amin ɗina na ciki-ciki. Ya roƙe ni, na ce, "Ai muryarka ta dawo." Muka haifi 'ya'ya, muka aurar da su, majami'a ta koma ta bulo da kwano, matasa suka fara riƙe hannun matansu suna addu'a a gaban jama'a ba ko gezau. Ni har shugabar mata na yi, ina addu'a a taronsu a ji ni a waje. A gabansa ne dai ba na iyawa. Duk shekara in shinkafa ta yi nono yakan ce, "Rifkatu, yau fa?" In ce na bar kunu a wuta. Sai ya yi dariya ya ce, "Ni dai sai na roƙi Allah ya sake aiko mini da jan-baki." Shekara wajen arba'in yana wannan wasa, ina ɗauka wasa ne.

Da aka dawo da shi daga asibitin Haɗeja ba baki, ni na zuba tsakuwa a gwangwani na ajiye masa a hannun hagu don ya riƙa kirana. Asubar farko ya kaɗa, na zo na ce, ruwa? Ya kawar da kai. A juya ka? Ya kawar da kai. Idonsa yana kan tabarma. Na gane. Shi yanzu ba ya iya juya mini baya, don haka ni na juya masa nawa, na fuskanci bango, na yi wa "bawanka" addu'a. Haka nake yi tun bara waccan. Yana kaɗawa in na kai aya, amma a hankali, sau ɗaya.

Ranar da na yi wa Na'omi tsawa ban samu sukuni ba. Daga tsakar gida ina jin fadama ta ɗauka, gwangwanaye da ihu, kamar jiya. Na zauna ina tunani. Kunyar da na ji a kan rumfa ta yini ɗaya ce, shinkafa ta ci. Wannan da nake ji yanzu ban san me zan kira abin da ta ci ba. Mutum ya yi shekara arba'in yana roƙon abu ɗaya a wurina, abin da ba na saye ba ne, na hana shi har sai da Allah ya karɓe muryar da zai ƙara roƙo da ita. Likita ya riga ya gaya mana wannan karon ba za ta dawo ba.

Washegari da aka kira salla na shimfiɗa tabarma a gaban gadonsa. Ban juya ba. Na durƙusa ina fuskantarsa, na kama hannunsa na dama, wanda ya mutu, don na hagun yana riƙe da gwangwani. Ya zuba mini ido. Tsohuwa da ni, da jikoki, sai ga gumi yana keto mini kamar ranar da aka kawo ni. Na buɗe baki da irin muryar da nake korar tsuntsaye na ce, "Ya Ubangiji, ga Bulus. Ga mijina Bulus."

Bai jira na kai aya ba. Ya kama kaɗa gwangwanin nan da duk ƙarfin da ya rage masa, yana kaɗawa hawaye yana gangara cikin kunnensa, ya ƙi dainawa, har Na'omi ta taso a guje ta tsaya a bakin ƙofa tana zare ido.

"Kaka, me yake so?"

Na ce, "Ba ya son komai. Amin yake cewa."